Sabon Koci, Tsohon Kwatabak: Wa Ya Kamata Ya Sauko?

Ka ɗauka yau aka miƙa maka ragamar ɗaya daga cikin ƙungiyoyi 32 na gasar NFL, wato ƙwallon Amurka, wadda ake runguma da jifa. Ka shafe shekara da shekaru kana yi wa wasu aiki, kana kwana a ofis kana kallon bidiyon wasanni, har ka haɗa naka kundin dabarun kai hari, kuma saboda kundin nan ne ma aka ɗauke ka. Ranar farko ka shiga ɗakin taro, sai ka tarar da mutum a kujerar gaba ya harɗe hannuwa. Shi ne kwatabak ɗin ƙungiyar, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari kuma yake jefa ƙwallo. Ya ba talatin baya, albashinsa ya ninka naka, rigarsa ce yaran garin ke sawa, kuma ya kwashe shekara goma yana cin wasa ta hanyar da ba taka ba.

Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka ce ga tsarina, kowa ya koya, har da shi. Ko ka naɗe rabin kundinka ka ajiye, ka gina harin a kan abin da mutumin ya saba. An bi kowacce, an ci kofi da kowacce, kuma kowacce ta taɓa korar koci daga aiki. Masu sharhi sukan mayar da zancen rigimar girman kai, wai wa ya fi wa iko. Ni a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ake kira “tsari” ba abu ɗaya ba ne, abubuwa uku ne a ɗaure wuri ɗaya, kuma tsohon ɗan wasa ba ya iya sauya su daidai wa daida.

Na farko harshe ne. A wannan wasan ana tsayawa bayan kowane yunƙuri, ƙungiya na da daƙiƙa 40 ta sake tayar da ƙwallo. A cikin hular kwanon kwatabak akwai ƙaramar rediyo, koci na faɗa masa dabarar da za a yi daga bakin fili, amma da zarar agogo ya rage daƙiƙa 15 sai a katse layin. Kiran dabara ɗaya kan kai kalma goma sha wani abu: yadda za a jeru, wa zai gusa kafin a tayar, yadda 'yan layin gaba za su tare, inda kowane mai karɓa zai nufa. Dole kwatabak ya ji, ya gane, ya maimaita wa mutum goma a da'ira, su watse su jeru, ya karanta tsayuwar 'yan tsaro, duk kafin agogo ya cika. Kuma ba harshe ɗaya ake yi a gasar ba. Zuriyar koci Bill Walsh, da ake kira West Coast, suna da dogayen kira. Zuriyar koci Don Coryell lambobi suke amfani da su, kowace lamba hanya ce ta mai karɓa ɗaya. New England kuwa ta daɗe a kan tsarin Erhardt da Perkins, inda kalma guda ke ɗauke da fasalin gudun mutum biyu ko uku. Dabarar na iya zama iri ɗaya sak, sunan ne ya bambanta. Sai dai mutumin da ya shekara goma yana jin kalma ɗaya hoton ya faɗo masa a kai, yanzu sai ya tsaya yana fassara a zuci, kuma rabin daƙiƙar da fassarar ta ci ya isa a danne shi a ƙasa.

Na biyu ƙafa ce. Akwai tsayuwar kusa, inda kwatabak ke manne da ɗan tsakiya ya karɓi ƙwallo hannu da hannu, sannan ya ja da baya taki uku, biyar ko bakwai. Akwai tsayuwar nesa, inda yake tsayawa kamar yadi biyar a baya a cillo masa, idonsa na kan 'yan tsaro tun daga farko har ƙarshe. Na uku kuma iko ne: idan ya iso layi ya ga tsayuwar abokan hamayya ta kashe dabarar da aka kira, shin yana da damar ya sauya ta da duk wadda ya ga dama, ko zaɓi biyu kawai aka ba shi?

Harshe ana koyonsa in akwai lokaci. Iko ana sasantawa a kansa. Ƙafa ce ba ta jin lallashi.

Tsari ɗaya, shekaru uku

Abin da ya sa kwatancen nan ya yi daɗi shi ne, akwai manyan 'yan wasa uku da suka ci karo da tsari kusan iri ɗaya, a shekaru daban-daban na rayuwarsu. Tsarin gidan Shanahan ne. Mike Shanahan ya kafa shi a Denver tare da mataimakinsa Gary Kubiak, ɗansa Kyle ya yi aiki a ƙarƙashin Kubiak a Houston, Matt LaFleur kuma ya taso a hannun Kyle. Ginshiƙinsa shi ne gudu da ƙwallo zuwa gefe, da kuma yaudarar miƙawa wadda ta yi kama da gudun nan ƙwabo da ƙwabo.

Dubi yadda yaudarar take. Kwatabak ya karɓi ƙwallo a tsayuwar kusa, ya juya wa 'yan tsaro ƙeya, ya ruga wajen mai gudu ya miƙa hannu kamar zai danƙa masa, ya janye ƙwallon ya ɓoye a ciki, ya kewaya ɗaya gefen a guje. A wannan ɗan tsakanin bai ga komai ba. Kafin ya waiwayo, 'yan tsaron da ya bari a hagu sun koma dama. Wanda ya gina sunansa a kan karanta fili da ido, an ce masa ya rufe ido ya yarda cewa koci ya riga ya karanta masa. Wannan ba ƙaramar buƙata ba ce.

Matt Ryan na Atlanta yana da shekara 30 a kakar 2015, kakar farko ta Kyle Shanahan a matsayin mai tsara hari, ƙarƙashin sabon koci Dan Quinn. Shanahan bai sassauta ba. Sun ci wasa biyar na farko a jere, daga nan abin ya zube, suka ƙare da nasara 8 da faɗuwa 8. Ryan ya yi jifan tacdawun, wato jifan da ke kai ƙwallo gidan maki shida, sau 21 kacal, abokan hamayya suka cafke masa jifa 16. A lokacin magoya baya da yawa sun gama yanke hukunci cewa jininsu bai haɗu ba, a sallami ɗaya. Ƙungiyar ta yi kunnen ƙashi. Ta ɗauko Alex Mack, ɗan tsakiyar da ya riga ya buga tsarin a Cleveland, ta ƙaro masu karɓa irin su Mohamed Sanu. A 2016 Ryan ya yi tacdawun 38, an cafke masa 7, ya jefa yadi 4,944, ƙungiyar ta tara maki 540, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan shekara. Yadda suka bari New England ta farke 28 da 3 a Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, labari ne na daban, kuma 'yan Atlanta ba sa son a tayar da shi.

Ka lura da farashin: kakar wasa ɗaya cur aka ba da sadaka. Akwai kuma haraji na biyu da ba a cika ambata ba. Da tsarin ya yi kyau, sai San Francisco ta ɗauke Shanahan ta ba shi babban koci. A 2017 Ryan ya dawo tacdawun 20 da cafka 12. Idan mai tsarin mataimaki ne ba babban koci ba, to ka san aron hannu ka yi, kuma ranar da tsohon ɗan wasanka ya gama haddace karatun ita ce ranar da malamin zai ɗaure kayansa.

Aaron Rodgers na Green Bay shekararsa 35 lokacin da LaFleur ya zo a Janairun 2019, bayan an sallami Mike McCarthy wanda ya riƙe ƙungiyar tun 2006. Tazarar shekara huɗu ce kawai tsakanin kocin da ɗan wasan. A nan ba harshe ne matsalar ba, ba kuma ƙafa ba, don Rodgers na iya jifa a guje ta kowane gefe. Iko ne. Tsarin LaFleur yakan aika da dabara biyu tare, idan ta farko ba za ta yi ba kwatabak ya soke ya koma ta biyu, shi ke nan. Rodgers kuwa ya saba ya tsaya a layi yana jan agogo har kusan sifili, yana yaudarar 'yan tsaro da murya, yana yi wa masu karɓa ishara da yatsu. Tun kafin a fara kakar ya fito fili ya nuna cewa ba za a ce ya ajiye gogewar shekara goma sha ɗaya ta karanta tsaro ba. Jaridu suka yi ta rura wutar.

Abin da ya biyo baya shi ne sulhun da aka yi a hankali. A 2019 sun ci wasa 13 cikin 16, amma wanda ya kalla ya san harin yana tafiya ne kamar motar da ke shan iska: a fara wasa da dabarun da aka tsara, su yi kyau, daga nan a koma tsohon salon Rodgers na riƙe ƙwallo yana neman abin mamaki. Tacdawun 26, cafka 4. San Francisco ta lallasa su 37 da 20 a wasan da ke kai wa Super Bowl. A watan Afrilun 2020 ƙungiyar ta zaɓi matashin kwatabak Jordan Love a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa, kowa ya gane saƙon. A kakar 2020 Rodgers ya rungumi tsarin da hannu biyu: masu gusawa kafin a tayar, yaudarar miƙawa, sakin ƙwallo a kan lokaci. LaFleur shi ma ya bar masa wasu tsofaffin dabarunsa da damar gyara a layi. Sakamako: tacdawun 48, cafka 5, gwarzon shekara. A 2021 ya sake lashe kyautar. Ko zaɓen Love ne ya zaburar da shi, ko shekara ta biyu ce kawai ta yi halinta kamar yadda ta yi wa Ryan, kowa da nasa ra'ayin. Ni na fi karkata ga na biyun, domin LaFleur shi ne kocin kwatabak a Atlanta a shekarun nan biyu na Ryan, ya riga ya ga yadda girkin ke nuna.

Sai Peyton Manning, kuma a nan ne nake so mai zaɓi ya nutsu. Shekararsa 39 a kakar 2015, kakar farko ta Kubiak a matsayin babban kocin Denver. An yi masa tiyata a wuya har ya rasa kakar 2011 gaba ɗaya, ƙarfin hannunsa ya ragu, kuma tun yana saurayi ma ba a san shi da gudu ba. Duk abin da ya rage masa yana cikin kansa: ya tsaya a nesa, ya ƙare wa tsaro kallo, ya yi ta ihu yana nuni da hannu, ya sauya dabara, ya saki ƙwallo kafin a iso shi. Kubiak ya zo da tsayuwar kusa da kewayawa a guje. Wanda ya ga wasannin farko na kakar ya ga abin tausayi: dattijo na ja da baya daga ɗan tsakiya da ƙyar, kafin ya kafa ƙafarsa ta baya an riga an cimmasa. Daga mako na uku suka koma wata tsayuwa ta tsaka-tsaki, Manning ya ɗan ja baya don ya ga fili, mai gudu ya tsaya a bayansa don gudun Kubiak ya yiwu. Ta ɗan taimaka, ba ta warkar ba. Ranar 15 ga Nuwamba, a wasa da Kansas City, ya karya tarihin Brett Favre, tsohon kwatabak na Green Bay, na yawan yadin jifa, aka tsayar da wasa aka yi masa tafi, kuma a wannan ranar dai aka cafke masa ƙwallo huɗu aka zaunar da shi a benci. Ashe da ciwo a tafin ƙafarsa. Ya ƙare kakar da tacdawun 9 da cafka 17.

Na san abin da za a ce: ai sun ci kofi. Sun ci, 24 da 10 a kan Carolina. Amma yadi 141 Manning ya jefa a wasan, kuma Von Miller, ɗan tsaro, shi ne gwarzon wasan. 'Yan tsaron da Wade Phillips ya horar ne suka ɗauki ƙungiyar a kafaɗa tun daga Satumba. Duk kocin da zai kafa hujja da Denver ta 2015 don ya tilasta wa dattijo sabuwar rawa, ya fara leƙa ɗakin 'yan tsaronsa ya ga ko akwai Von Miller a ciki.

Idan koci ne ya sauko

Shi wannan Manning ɗin ne kuma babbar hujjar ɗaya ɓangaren. Da ya zo Denver a 2012, John Fox da mai tsara harinsa Mike McCoy ba su yi wata-wata ba, suka ɗebo abin da ya saba da shi a Indianapolis suka cakuɗa da nasu. A 2013, ƙarƙashin sabon mai tsara hari Adam Gase, ya yi tacdawun 55 da yadi 5,477, ƙungiyar ta tara maki 606. Mutum ɗaya, gari ɗaya, tazarar shekara biyu, bambancin kamar dare da rana. Tsufa da ciwo sun taka rawa, ba na musu, amma ba su kaɗai ba.

Favre ma ya nuna ƙarfin harshe. A 2008 ya je New York Jets a watan Agusta, ya tarar da kira irin na lambobi wanda bai taɓa yi ba, ya ƙare da tacdawun 22 da cafka 22, ko da yake ciwon dantse ya dame shi a ƙarshen kakar. A 2009 ya sake zuwa a makare, a Agusta, wannan karon Minnesota, inda mai tsara hari Darrell Bevell tsohon kocinsa ne a Green Bay kuma harshen West Coast ake yi. Yana cika shekara 40 ya yi tacdawun 33 da cafka 7.

Labarin da ya fi kowanne koyarwa a wurina shi ne na Tom Brady a Tampa Bay, domin a cikin kaka ɗaya aka gwada hanyoyin biyu. Ya zo a Maris 2020 bayan shekara 20 a New England, ya cika 43 kafin a fara wasa. Annobar korona ta hana atisayen bazara, aka soke wasannin share fage, har sai da ya riƙa tara abokan wasansa a filin wata makarantar sakandare suna jifa da kansu. Bruce Arians, babban kocin Tampa a lokacin, kuwa mutum ne mai son dogon jifa, aƙidarsa ita ce wanda bai yi kasada ba bai ci riba ba. Tsarinsa na da tarihin cin sababbin shiga: Andrew Luck an cafke masa 18 a 2012, Carson Palmer 22 a 2013, Jameis Winston 30 a 2019. Brady ne ya koyi harshen Arians, ba ƙungiyar ce ta koyi nasa ba, kuma daga baya shi da kansa ya faɗa cewa har tsakiyar kakar yana fama da kiran dabaru.

Wasan da ba na mantawa shi ne na daren 8 ga Nuwamba da New Orleans. A agogonmu ƙarfe biyu da minti ashirin na dare aka fara, na hana idona barci ina kallo a waya, ina cewa yau za a rama kayen makon farko. Aka tashi 38 da 3, a gidan Tampa. An cafke wa Brady uku. Sau biyar kacal Tampa ta gwada gudu da ƙwallo a duk wasan. Yana tsaye a nesa, babu mai gusawa, babu yaudara, masu karɓa sun nausa can ƙarshen fili, shi kuma yana jira ana rufto masa. Suka sake faɗuwa a hannun Rams da Kansas City, kowanne 27 da 24, suka shiga makon hutu da nasara 7 da faɗuwa 5.

Bayan hutun sai ga wata ƙungiya daban. Harshen bai sauya ba, dogon jifan ma bai tafi ba, amma an shigo da abubuwan da Brady ya rayu da su a New England: mai karɓa ya gusa kafin a tayar don a gane ko mutum-da-mutum 'yan tsaro ke yi ko tsaron yanki, a yawaita yaudarar miƙawa, a ba shi gajerun mafita idan an taso masa. Ba su sake faɗuwa ba. Wasa huɗu na ƙarshen kaka, sannan huɗu na sili ɗaya ƙwale, suka gama da Kansas City 31 da 9 ranar 7 ga Fabrairun 2021 a filinsu. Brady ya ba da harshe, Arians da mai tsara harinsa Byron Leftwich suka ba da fasali. Sean McVay, kocin Rams, ya yi makamancin haka da sabon kwatabak ɗinsa Matthew Stafford a 2021: ya rage tsayuwar kusa da ya saba yi da tsohon kwatabak ɗinsa Jared Goff, ya bar Stafford a nesa yana ganin fili, cafka ta kai 17 amma tacdawun ta kai 41, kofi ya zo a shekarar farko.

To amma saukowa daban, miƙa makullin gida daban. Denver ta sayo Russell Wilson daga Seattle a 2022, ta ƙara masa kwantiragin dala miliyan 245 kafin ya buga wasa ko ɗaya, ta haɗa shi da sabon koci Nathaniel Hackett wanda bai taɓa riƙe ƙungiya ba. Jaridu sun ruwaito cewa har ofis aka ba Wilson a hedikwatar ƙungiyar, kocinsa na ƙashin kansa na shiga yana fita. Abin mamaki, harin da aka gina ba a kan abin da Wilson ya fi iyawa aka gina shi ba, wato kewayawa a guje da dogon jifa bayan yaudara. An gina shi ne a kan abin da yake so ya zama, mai tsayawa cak yana rarraba ƙwallo. Aka danne shi sau 55, tacdawun 16, aka kori Hackett bayan wasa 15. Jets ma ta bi sawu a 2023, shekarar da ta ɗauko Rodgers: ta ɗauki Hackett ɗin nan, abokin Rodgers, ta kwaso tsofaffin masu karɓarsa daga Green Bay, komai aka yi don shi. A yunƙuri na huɗu na wasan farko jijiyar agarar Rodgers ta tsinke, sai ga ƙungiya riƙe da tsarin da mutum ɗaya ne kawai ya iya tuƙa shi. Da ya dawo a 2024 suka ci wasa 5 cikin 17.

Da Sean Payton ya karɓi Denver a 2023 sai aka juya ɗaya gefen gaba ɗaya. Tun taron manema labarai na farko ya ce zancen koci na ƙashin kai ba zai yiwu a gidansa ba. Alƙaluman Wilson sun gyaru, tacdawun 26 da cafka 8, amma tsarin Payton na neman mai sakin ƙwallo a kan ƙidaya, irin Drew Brees, tsohon kwatabak ɗinsa a New Orleans, Wilson kuwa mai jira ne ya ga ƙofa ta buɗe. A Disamba aka ga Payton a talabijin yana yi wa Wilson tsawa a bakin fili a Detroit. Aka zaunar da Wilson wasa biyu na ƙarshe, aka sallame shi a Maris 2024, ƙungiyar ta haɗiye dala miliyan 85 a lissafin albashinta saboda ɗan wasan da ba ya tare da ita.

To wanne za ka ɗauka?

Kafin ka buɗe kundinka, fara duba ƙafafun mutumin. Idan yana tsakanin 30 da 35, yana iya juyawa ya kewaya ya jefa a guje, kuma kai ne babban koci da kwantiragin shekara huɗu ko biyar a aljihu, ni zan ce ka tsaya a kan tsarinka. Ryan da Rodgers sun nuna ribar da ke shekara ta biyu, kuma tsarin zai rage maka ko bayan ya tafi, kamar yadda ya rage wa LaFleur lokacin da Love ya hau. Sharaɗin shi ne mai ƙungiyar ya san da wannan lissafin tun ranar da ya ɗauke ka, ya amince cewa shekarar farko za ta yi ɗaci. Idan mai ƙungiyar irin wanda ke karanta jarida da safe ya yi kora da yamma ne, kada ka fara, don kai za ka yi shuka wani ya girbe.

Idan kuwa ya doshi 40, ko jikinsa ya riga ya faɗa maka abin da ba zai iya ba, to ba ka da shekara ta biyu da za ka jira. Sauko. Amma ka san abin da za ka sauko a kai. Harshe ka riƙe naka idan sauran ƙungiyar sun riga sun iya shi, domin ya fi sauƙi mutum ɗaya mai kaifin ƙwaƙwalwa ya haddace da a ce mutum ashirin da wani abu su koma aji ɗaya, kuma takardar da ake ɗaurawa a damtse mai jerin dabaru tana rage wahalar watannin farko. Idan kowa sabo ne, kai da su, to babu dalilin da zai hana ka ɗauki kalmominsa. Ƙafa kuwa tasa za a bi, babu ciniki. Ikon sauya dabara ka ba shi, amma da shinge: ku zauna ranar Laraba ku amince a kan amsa uku ko huɗu ga kowace irin tsayuwar tsaro, yadda in ya sauya a layi sauran goman sun san abin da yake nufi. Zaɓen mataimakan koci da sayen 'yan wasa kuwa ba aikinsa ba ne, ko da zoben cin kofi nawa ne a yatsunsa.

Kuma kada ka yarda da abin da yake faɗa maka cewa yana so. Ka kunna bidiyon shekarunsa uku na baya, ka ware jifa ɗari da ya fi yi da kyau, ka ga daga wace tsayuwa suka fito, bayan taki nawa, zuwa wane ɓangaren fili. Da Denver ta yi wannan a 2022, da ta ga cewa Wilson ɗin da ta biya dala miliyan 245 yana can wajen layi a guje, ba a tsaye a bayan ɗan tsakiya ba.

Ga mai kallo kuma, wanda zai zauna ƙarfe shida na yammacin Lahadi a Kano ko Damagaram ya ga ko auren nan zai yi ƙarko, kada ka duba maki a Satumba. Dubi agogon yunƙuri. Idan da'irar na watsewa saura daƙiƙa goma, kwatabak na leƙa damtsensa sau biyu, ana ɓarnatar da hutun gaggawa tun kwata na farko, to har yanzu fassara yake yi. Ranar da ka ga sun jeru saura daƙiƙa ashirin, ya ɗaga ƙafa mai karɓa ya gusa, ya nuna ɗan tsaro ɗaya da yatsa kafin ma rediyon ta katse, to ya fara tunani da harshen kocin. A Tampa sai Disamba aka ga hakan, a Atlanta da Green Bay sai da shekara ta zagayo.